Ranar da Suruka Ta Ga Hannu

Gaɓar bututun ta sauko daga sama tana ɗan lilo, har leɓenta ya zauna daram a kan leɓen wadda ke riƙe a tsakiyar dandamali. Ƙarar haɗuwarsu ta shiga haƙoran kowa. Sai na'urar ta miƙo hannayenta biyu, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, kowanne da sifana a bakinsa, ta shiga ɗaure notuna ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa ba nawa.

Clovis Pitre yana tsaye bayan jan layin da aka shata a ƙasa, ya harɗe hannaye a ƙirji yana taɓe baki.

"Ku dube ta don Allah," ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Ko ɗigon gumi babu. A zamaninmu aikin da ba a yi wa gumi ba sunansa wasa."

Rediyon da ke kafaɗarsa ya yi ƙara. Wilton Verdin ne, mai tuƙa ƙugiyar da ke ɗauko gaɓoɓin daga inda aka jibge su a bayan jirgi. Abokinsa ne tun suna kamun ƙaguwa a bakin rafi, kuma shi ne uban baftismar 'yarsa Odile.

"Tsoho, ƙyale Suruka ta yi aikinta. Kishi ne ke cin ka don ta fi ka ƙarfin ƙugu."

"Kai dai riƙe kujerarka, mai tumbi. Rabonka da ɗaga abin da ya fi cokali nauyi tun Odile tana rarrafe."

Mazan da ke bayan layin suka kwashe da dariya. Clovis ne ya raɗa wa na'urar sunan Suruka tun ranar da aka kafa ta. Ya ce ta zo ba a gayyace ta ba, ta karɓe gida, kuma ba wanda ya isa ya ce ta tattara ta tafi. Sunan ya bi ta har ofishin da ke tudu.

Aikin dai shi ne wanda aka saba. Rijiyar man fetur tana can ƙasan teku, jirgi yana sama, dole a haɗa su da ƙaton bututu, gaɓa bayan gaɓa, kowacce ta fi tirela tsawo. A da maza ne ke durƙusawa kewaye da leɓen, su ciccibo sifana mai nauyin ɗan maraƙi su ɗora a kan noti mai kaurin dantse, jirgi yana rawa a ƙarƙashinsu, ƙarfe yana rawa a gabansu. Shekara talatin Clovis yana wannan durƙuso. Yanzu an shata musu layi an ce su tsaya su yi kallo, kuma duk jirgin an san ba wanda abin ya ƙona wa rai kamarsa.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska. To fuskar Clovis ta iya ƙarya. Gaskiyar magana, tun da aka kawo Suruka yake barci kamar jariri, kuma kullum da safe in ya ga ta motsa sai ya gode wa Allah a ransa. Kunya ce kawai ta hana shi faɗa.

A wajenmu, ƙasan Lafourche a bakin teku, in ka shiga coci ran Lahadi ka kalli hannayen maza lokacin da suke yin alamar gicciye, za ka gane waɗanda suka yi aikin teku. Mahaifin Clovis, marigayi Ulysse, makaɗin akodiyan ne, akwatin kiɗan nan da ake ja ana matsawa, ana ɗauko shi daga garuruwa uku in ana biki. Leɓen bututu ya cinye masa yatsu uku na dama a rana ɗaya. Ya dawo gida ya ɗora akwatin kiɗan a kan kabad, bai sake taɓa shi ba, kuma in aka kunna kiɗa a rediyo sai ya tashi ya fita waje. Clovis ya gaji akwatin, ya gaji aikin, ya kuma biya nasa kason: ƙaramin yatsan hagu. Da sauƙi, tunda hannun hagu ja da matsawa ne aikinsa. Na dama shi ne mai magana, kuma ko ɗaya ya ɓace a cikinsa kiɗa ya ƙare.

Ran Asabar ɗin nan za a ɗaura auren Odile, 'yarsa tilo. Ta ɗauko makaɗa daga Houma, amma ta ce rawar farko ba ta yarda kowa ya kaɗa mata ba sai Babanta, da akwatin kakanta. Gobe helikwafta zai kai shi gida. Duk yamma in ya kira matarsa Verna, ba ta tambayar lafiya ko gajiya. Abu ɗaya take tambaya, yawan yatsunsa.

"Nawa?"

"Tara," zai ce.

"To, Allah ya bar su haka."

Abu ɗaya ne yake riƙe da Suruka a kansa da gaske. Masu aikin bututu suna da al'ada: in ɗayansu zai aurar, ko an yi masa haihuwa, sai kowa ya tsoma safar hannunsa a fenti ruwan ɗorawa ya manna tafinsa a leɓen wata gaɓa, daidai inda ake rasa yatsu. Mai bikin ya sa nasa a ƙarshe, a tura gaɓar ƙasa. Tsofaffi suna cewa a ba teku hannun fenti don ya bar wa mutane na nama. Clovis ya sa tafinsa wa mutane da yawa. Ga nasa bikin ya zo, ba wanda ya ko ambaci fenti. Ya ce a ransa ai shi ke nan, tunda ba mai taɓa bututu yanzu, wa zai tuna? Abin ya sosa masa rai ƙwarai, amma ya fi ƙarfin ya tambaya.

Da rana ta take, iska ta juyo daga kudu, teku ya fara kumburi. Wilton ya sanar a rediyo cewa zai sauka cin abinci, wani zai riƙe masa ƙugiya.

"Miyar gumbo aka yi," ya ce. "In kun ji shiru, ku yi mini addu'a."

"A ƙara wa mai girki addu'a dai," in ji Clovis.

Gaɓa ta gaba ta iso, aka ɗaga ta tsaye, aka sauke ta a kan leɓe. Suruka ta miƙo hannaye kamar kullum. Na dama ya kama notinsa. Na hagu ya zagaya ta bayan bututun, ya tsaya cak. Wata fitila ta yi ja. Hannayen biyu suka janye suka koma mazauninsu.

Aka sake tayar da ita. Ta miƙo, ta zagaya, ta tsaya, ta janye. Aka sake. Haka dai.

Wayyo, abin nema ya samu. Mazan suka ɗauki ihu da fito, wani yana buga hular kwanonsa a jikin ƙarfe.

"Mista Clovis, bakinka ya kama ta!"

"Suruka ta yi yaji!"

Clovis ya yi dariya tare da su, har da ɗaga hannu kamar wanda ya ci dambe. A ransa kuwa addu'a yake yi ta tashi.

Harlan Stroud, shugaban aikin, ya leƙo daga ɗakin gilashin da ake sarrafa komai, ya yafito shi. Mutumin Mississippi ne, dogo, marar yawan magana, kuma ba ya son a maimaita masa abu. Clovis ya shiga ya ja ƙofa, ihun waje ya yanke. A gaban allo Thuy Dang ce zaune, injiniyar da kamfanin na'urar ya turo ta zauna da ita. 'Yar masunta ce daga Biloxi, don haka rawar jirgi ba ta dame ta ba, zolayar maza ma haka.

"Faɗa masa abin da kika faɗa mini," in ji Harlan.

"Cewa take ta ga hannu," in ji Thuy.

"Hannun wa?" Clovis ya waiga ta gilashi. Kowa yana bayan layi. Ko tsuntsu babu kusa da bututun.

"Shi ne abin. An koya mata in ta ga hannun mutum kusa da leɓe ta tsaya. Na goge idon kyamarar, na kashe ta na kunna. Hoton da take turo mini duk hasken rana ya wanke shi, ba na ganin komai sai fari. Ita kuwa ta kafe."

"To rufe mata idon," in ji Harlan.

"In na rufe ba za ta motsa ba ko kaɗan, haka aka gina ta. Ko da za ta motsa ma, Oga, ba da hannuna ba. Ka ba ni lokaci in nemi mutanenmu na tudu."

"Lokaci." Harlan ya nuna taga da haɓa. Can kudu sama ta yi baƙi. Bututun da aka riga aka haɗa yana rataye a ƙarƙashin jirgi, a can ƙarshensa ga murfin rijiya, ƙarfe mai girman gida, yana reto a cikin ruwa. Ba a barin wannan kaya a rataye da gaɓa ɗaya a kwance, hadari yana tafe. Kowa a ɗakin ya san haka.

Harlan ya juyo ya dubi Clovis, har da ɗan murmushi, don a ganinsa kyauta zai ba shi.

"Pitre, kunnuwana sun gaji da kukanka. Ga ranarka ta zo. A kulle ta, ku ɗauko tsofaffin sifanu. Nuna mata yadda maza ke yi."

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Clovis ya dubi hannunsa na dama. Ya ce me? Ya ce Oga, duk cika bakin nan ƙarya nake, tsoro nake ji, ina da rawa ran Asabar? Ya ce a sa wani a gaba, alhali duk cikinsu ba wanda ya kai shi sanin aikin, kuma hannun kowa hannu ne?

"An gama, Oga," ya ce.

Thuy ta bi shi da kallo har ƙofa. "Mista Clovis, ba gobe za ka tafi biki ba?"

"Sai me? Kin ga na yi kama da amarya?"

Ya fito ya ba da umarni. Aka jawo sifanun daga inda aka jingine su, har sun fara tsatsa. Mazan sai murna suke, suna jan safar hannu suna tsokanar juna, kamar an ce musu an buɗe farautar agwagwa. Shi kuwa ya tsaya yana sa tasa a hankali, yatsa bayan yatsa. Da ya zo na dama ya lanƙwasa su ya miƙe, sannan ya cusa hannun a aljihu. Hoton kabad ɗin mahaifinsa ya faɗo masa, da ƙurar da ke kan akwatin. Ya tuna muryar Odile a waya tana cewa, "Baba, ka dai yi ta gwaji, kada ka ba ni kunya a gaban dangin miji."

Thuy ta ɗaga masa babban yatsa ta gilashi, alamar an kulle na'urar.

"Kowa ya tsaya inda yake," ya ce wa mazan. "Bari in zagaya in ga zamanta tukuna."

Ya tsallake jan layin. Tun da aka shata shi ƙafarsa ba ta taka wannan wuri ba, sai ya ji ƙasan ya fi yadda ya sani santsi. Warin giris da gishiri ya cika masa hanci. Gaɓar tana tsaye a kansa, doguwa har sai ka karya wuya kafin ka ga ƙarshenta, kuma tunda noti ɗaya kawai aka fara ɗaurawa, duk lokacin da jirgi ya karkata sai leɓen ya ɗan buɗe baki ya rufe. Ya bi ta hagu zuwa bayan bututun, ɓangaren da ya fi matsi, inda a da shi yake durƙusawa don ba ya yarda ya ba wani. Tun da aka tara kowa a gefe ɗaya bayan layi, ba mai ganin wannan ɓangaren.

Wata igiyar ruwa ta ɗaga jirgin ta sake shi. Ƙafarsa ta zame. Sabo ya kai hannunsa na hagu kan leɓen don ya tokare, ƙarfe ya rufe baki da ƙara.

Wani ya ƙwala ihu a bayansa. Clovis ya fizge hannu, hannun ya fito, safar ta tsaya. Ya duba: yatsu huɗu, yadda suke. Ƙaramin yatsan safar ne leɓen ya danne, wanda ba komai a cikinsa tun shekara da shekaru. Ya durƙusa a wurin yana haki.

Da ya ɗago kai, sai ga su a gabansa.

Hannaye. Tafuka ruwan ɗorawa, launin safar da kowa ke sawa, jere a bayan leɓen kamar ana gaisuwa. Fentin bai gama bushewa sosai ba. Ya gane su ɗaya bayan ɗaya ba tare da an faɗa masa ba, don yatsan safa in ba komai a ciki ba ya manna fenti. Ga na Wilton, babu rabin manuni. Ga na mai walda, yatsu uku. Ga wani ƙato cikakke, na mai girki ne. A tsakiya an bar fili daidai tafi ɗaya, a ƙarƙashinsa an rubuta ODILE da hannun da bai saba rubutu ba.

Mazan sun riga sun tsallako layi a guje, Harlan yana bayansu yana zagi. Suka same shi a durƙushe, hannu ɗaya tsirara, yana wani abu da ba a san dariya ba ne ko kuka.

"Ya cije ka? Nuna mini hannun! Pitre, nuna mini!"

Ya ɗaga musu duka biyun. Sannan ya nuna leɓen.

Suka sunkuya suka duba. Sai mai walda ya dafe kai. "Kai! Wannan ai ta yamma ce! Ita aka ce a bari ta zama ta ƙarshe!"

Wilton ya iso yana haki, da tawul ɗin cin abinci a wuya. Ya kalli bututun, ya kalli ƙugiyarsa a can nesa inda mai riƙon ƙwarya ke zaune bai san hawa ba bai san sauka ba.

"Na ware ta gefe," ya ce. "Na rantse na ware ta. Ɗan tselen uwar nan ya ga ta fi kusa ya ɗauko. Mutum ba zai ci gumbo cikin kwanciyar hankali ba ke nan?"

"Ku kuka yi wannan?" in ji Harlan. Muryarsa ta yi ƙasa, wanda ya fi ihunsa muni. "Ku kuka tsayar mini da jirgi da fenti?"

"Oga, al'ada ce."

"Na san al'ada ce, ni ma an yi mini! Ba wanda ya yi tunanin gaya wa yarinyar nan?"

Ba wanda ya yi. Sun ɓoye wa Clovis don ya zama bazata, sun ɓoye wa Harlan don kada ya hana, ita kuwa Thuy ko a mafarki ba su kawo cewa abin ya shafe ta ba. Tafi a leɓen bututu ai tun kafin a haife ta ake yin sa.

Thuy ta ratso ta tsakiyarsu ta sunkuya ta duba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Ashe gaskiyarta," ta ce. "Ni ina ta zaginta a raina, ashe baiwar Allah gaskiya take faɗa."

"Amma rabinsu ai ba su cika ba," in ji Wilton. "Dubi nawa."

"Ba a koya mata ƙirga yatsu ba, Mista Wilton. An ce mata in ta ga hannu ta tsaya."

Clovis ya ji maganar ta zauna masa a ƙirji. Ya waiga ya kalli na'urar a mazauninta, hannaye a naɗe, fitila ja tana ƙiftawa. Shekara talatin yana cikin ƙarafa, mahaifinsa ma haka, bai taɓa ganin ƙarfen da ya ga hannun mutum ya tsaya ba.

Harlan ya duba sama, ya duba agogo. "To. Ko a kankare fentin ta ci gaba, ko a bar muku hannayenku ku ɗaure da sifana. Pitre, bikinka ne, zaɓi. Amma yanzu."

"Kankarewa kuma?" in ji Wilton. "Haba Oga, sa'ar Odile ce. Ba a taɓa kankarewa ba. Mu ɗaure da hannu mana, gaɓa ɗaya ce. Ko ba haka ba, tsoho? Dama abin da kake nema ke nan."

Duk suka zuba masa ido, suna jiran ya ce a miƙo sifana. Ya kalli safarsa da ke maƙale a bakin ƙarfe, yatsan nan ya baje kamar ganye. Magana zarar bunu ce, ya kuma zari da yawa a jirgin nan. Amma ya gaji.

"Ba zan ɗaure ba," ya ce. "Kuma ba wanda zai ɗaure. Tsoro nake ji, Wilton. Tun safe nake addu'a kada ta lalace. Kullum haka nake yi. Ina so in kaɗa wa 'yata ran Asabar, shi ke nan."

Ya jira dariya. Ba ta zo ba. Mai walda ya sunkuyar da kai yana kallon nasa hannun. Wilton ya ciro tawul daga wuya ya share fuska da shi, ya daɗe yana sharewa.

"Munafuki," ya ce a ƙarshe. "Ni ma tun da aka kawo ta matata ta daina kunna kyandir a coci. Amma ka hana mu sakat, kowa yana tsoron ya yabe ta a gabanka."

"Wa ya ce sai an kankare?" in ji Thuy. "Akwai baƙin salatif mai faɗi a ɗakin kaya. A rufe su, ta ɗaure notunanta, in kulle ta, ku ɓare. Ita ba ta gani ba, teku ya gani."

Harlan ya dube ta, ya dube su. "Me kuke jira? Gayyata?"

Clovis da kansa ya liƙa salatif ɗin, da hannun hagu, na dama yana aljihu, maza biyu suna riƙe da ɗamararsa ta baya. Kowa ya koma bayan layi. Fitila ta yi kore. Suruka ta miƙo hannaye, na hagu ya zagaya bayan bututun, ya ɗan dakata kamar mai leƙe, sannan ya kama noti. Ƙarar sifana ta tashi. Wannan karon ba wanda ya yi fito. Clovis ya gode wa Allah a ransa.

Da aka gama, aka kulle ta, aka ɓare salatif. Leɓen ya ɗauru gam, ba sauran baki. Wilton ya kawo gwangwanin fenti da sabuwar safa. Clovis ya tsoma hannun dama ya manna a filin da aka bar masa, ya danna sosai, ya ɗaga. Yatsu biyar suka fito ras. Aka saki gaɓar ta bi ta ramin tsakiyar jirgi, suna leƙe har launin ɗorawa ya koma kore, ya ɓace.

Sauran gaɓoɓin suka bi lafiya. Kafin ruwan sama ya sauko murfin ya zauna a bakin rijiya, hadarin ma ya karkata gabas ya bar su da yayyafi.

Da yamma ya kira gida. Ana jin hayaniyar mata a bayan Verna, da ƙarar tukwane.

"Nawa?"

"Tara."

"Me ya sami muryarka?"

"Ba komai. Safa ɗaya na rasa."

"Safa! To Allah ya tsayar nan. Odile ta ce in tambaye ka ko kana gwaji."

"Ce mata ta tanadi ƙafafu kawai."

Da ya ajiye wayar bai nufi ɗakin cin abinci ba. Ya sake hawa dandamali. An watse, ƙasa a jiƙe, sai Thuy kaɗai tana gwajin da take yi duk ƙarshen aiki. Na'urar tana motsi a hankali ba kaya a hannunta, ita kuma tana tsaye bayan layi da doguwar sanda mai safar roba a kai. In ta miƙa sandar sai na'urar ta tsaya, in ta janye ta ci gaba.

Ya tsaya gefenta yana kallo, hannu a aljihu.

"Sai da sandar take ji?" ya ce.

"A'a. Sandar don ni ce."

Hannun na'urar ya taho ta gabansu, kyamarar tana kansa kamar idon kaza. Clovis ya ciro hannunsa na dama, har yanzu da fenti a wuyan hannun, ya ɗaga shi daga inda yake tsaye, yatsu a buɗe. Ƙarfen ya tsaya cak. Fitila ta yi ja.

Ya daɗe a haka. Sannan ya sauke, Thuy ta danna maɓalli, ƙarfen ya ci gaba da tafiya.

"Mista Clovis, ina da aiki fa."

"Sau ɗaya kawai," ya ce, ya sake ɗaga hannun.